Lokacin Shuka Masara a Cikin Shukar Lulluɓi: Bayani a Kan Noman Oganik Ba Huɗa a Amurka

1. Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a bayyana wata matsala ta aikin gona wadda ke damun waɗansu manoman masara na ƙasar Amurka, musamman na jihohin da ke da tsananin sanyi, irin su Fensilbaniya da Wiskonsin da Ayowa. Matsalar kuwa ita ce: wace rana ta dace a shuka masara a gonar da ba a huɗe ba, ba a kuma fesa mata maganin ciyawa ba, sai dai an rufe ta da wata shuka dabam? Wanda bai san al'amarin ba zai ce a duba kalanda, ko kuwa a jira ƙasa ta yi ɗumi. To, abin da za mu nuna a nan shi ne, a irin wannan noma furen shukar da ta rufe gona shi ke yanka ranar shuka, manomi bin sa kawai ya ke yi.

Kafin mu shiga bayani ya kamata mu daidaita kalmomi uku. Noman oganik shi ne noman da ba a sa takin zamani, ba a fesa maganin ciyawa ko na ƙwari irin wanda a ke haɗawa a masana'anta, ba a kuma shuka irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta. A Amurka akwai doka a kan wannan tun 1990, ƙa'idodinta kuwa suka fara aiki sosai a 2002. Noma ba huɗa shi ne a bar ƙasa yadda ta ke, a tsaga 'yar siririyar hanya kawai a jefa iri a rufe. Shukar lulluɓi kuma ita ce wadda a ke shukawa ba don a girbe ba, sai don ta rufe gona tsakanin wani amfani da wani.

2. Asalin al'amarin

A shekarun 1930 fari ya auka wa filayen Okalahoma da Kansas da Tekzas, iska ta yi ta kwashe ƙasar gonakin da garma ta tone, har ƙura ta riƙa rufe rana. Wannan ya sa aka kafa hukumar kiyaye ƙasar noma a 1935. A 1943 wani marubuci, Edward Faulkner, ya buga littafi yana zargin garma da lalata ƙasa. Mutane da yawa sun yarda da maganarsa, amma ba wanda ya san yadda za a yi da ciyawa in an ajiye garma. Sai da magungunan kashe ciyawa suka yawaita sa'an nan abin ya yiwu: a 1962 Harry Young, wani manomi na jihar Kentaki, ya shuka masara ba huɗa, magani ya yi masa aikin garma.

Nan ne manomin oganik ya sami kansa a tsaka mai wuya. Magani an hana shi, sabo da haka ba shi da makamin yaƙi da ciyawa sai ƙarfe. Ya kan huɗe gona, ya bi ta da haro, bayan tsiro kuma ya yi ta shiga da injin noma sau uku ko fiye. Kowace shiga kuwa tana cin mai, tana cin lokaci, tana kuma barin ƙasa tsirara ga ruwa da iska.

Dabarar fita ta ɓullo daga kudancin Birazil, inda noma ba huɗa ya fara yaɗuwa tun 1972. Manoman can su kan ja wata ganga mai wuƙaƙe a kan shukar lulluɓi ta kwantar da ita. An gwada irin wannan ganga a jihar Alabama, aka buga sakamakon a 2003. A farkon shekarun 2000 kuma Jeff Moyer na Cibiyar Rodale, da ke Kutztown a Fensilbaniya, ya ƙera wani samfurinta wanda ya dace da noman oganik, shi ne ya fi shahara.

3. Yadda gangar murƙushewa ke aiki

Gangar ta ƙarfe ce, kaurinta wajen santimita 40, a kan ɗura mata ruwa don ta ƙara nauyi. A jikinta an liƙa ƙarafa dasassu a jere, an karkata su suka yi kamar harafin V. Wannan karkatarwa ita ke hana gangar tsalle, ta kuma sa nauyinta ya riƙa sauka a kan ƙarfen kaɗan kaɗan. Ba a so ƙarfen ya yanke kara, gama ciyawar da aka yanke tohowa ta ke yi, kamar yadda kowane mai yankan ciyawa ya sani. Abin da a ke so shi ne ya murƙushe karan a wurare da dama, ya toshe hanyoyin da ruwa ke bi daga saiwa zuwa ganye. Sai shukar ta bushe a kwance, saiwarta na riƙe da ita a ƙasa, ta zama kamar tabarma mai kauri. Tabarmar nan ita ke hana hasken rana isa ga ƙwayar ciyawa, ita ke riƙe laima, in ta ruɓe kuma ta zama taki.

A kan ɗaura gangar a gaban tarakta, injin shuka kuma a baya. Da tafiya ɗaya an kwantar da lulluɓi, an shuka masara. Daga nan sai ranar murƙushewa ta zama ita ce ranar shuka, ko kuwa kusa da ita. Matsalar da mu ke magana a kai daga nan ta taso.

4. Abin da masara ke bukata

Masara shuka ce mai son zafi. Ƙwayarta ba ta tsirowa sai ɗumin ƙasa ya kai digiri 10 na ma'aunin santigiredi, kuma tana da adadin zafin da dole ta tara kafin ta nuna. A jihohin nan na arewa lokacin noma gajere ne, yana tsakanin sanyin ƙarshe na watan Afrilu ko Mayu da sanyin farko na ƙarshen Satumba ko Oktoba, wanda ke ƙone duk masarar da ya tarar ba ta ƙosa ba. Don haka manoman da ke amfani da magani su kan yi shuka daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Mayu. Masanan jami'o'in yankin sun nuna cewa jinkiri yana rage amfani: a farkon Mayu ragin kaɗan ne, amma zuwa ƙarshen watan ya kan kai kusan kashi 1 cikin 100 a kowace rana.

Ko da ya ke haka ne, manomin oganik dama ba ya cikin masu sammakon shuka. Irinsa ba a shafa masa maganin ruɓa ba, in ya daɗe a ƙasa mai sanyi da laima sai ya lalace. Har wa yau, jinkirin mako biyu ko uku ya kan sa masararsa ta yi bununi bayan ta maƙwabta ta gama, ta haka ba za ta gauraya da irin da doka ta hana shi ba. Watau ɗan jinkiri alheri ne gare shi. Abin tsoro shi ne jinkirin ya zarce.

5. Abin da shukar lulluɓi ke bukata

Shuke-shuke biyu suka fi shiga wannan aiki. Na farko wani hatsi ne ɗan'uwan alkama, masana na kiransa Secale cereale, mu kuwa za mu ce masa rayi. Na biyu wani ɗan'uwan wake ne mai yaɗo, mai gashi a kara da fure shuɗi-shuɗi, sunansa Vicia villosa, za mu kira shi waken gashi. Dukansu a kan shuka su da kaka, su kwana ƙarƙashin ƙanƙara duk tsawon hunturu, in ɗumi ya dawo su tashi da sauri.

Ganga ba ta iya kashe su kowane lokaci. Muddin shuka tana kan girma, karanta ɗanye ne mai lanƙwasuwa, ƙarfinta kuma yana ajiye a gindi. In an danne ta yau, bayan 'yan kwanaki sai a tarar ta miƙe. Sa'ad da ta yi fure kuwa ta riga ta juya ƙarfinta wajen yin 'ya'ya, kara ya yi tauri yana karyewa, in an murƙushe shi ba ya sake tashi.

Game da rayi alamar a bayyane ta ke. In ya fitar da kai, bununi ruwan ɗorawa ya rataya a jikin zangarniya har yana tashi in an girgiza, lokaci ya yi. Binciken da Steven Mirsky da abokan aikinsa suka buga a 2009, a kan gwajin da suka yi a Fensilbaniya, ya nuna cewa daga wannan mataki ne ganga ke kashe rayi ba kuskure. Damar tana nan har ƙwaya ta yi madara. In an wuce haka ƙwayar za ta ƙosa, ta zube, ta tsiro cikin amfanin baɗi.

Waken gashi ya fi wuyar ganewa, domin ba ya yin fure gaba ɗaya. Yana fure daga ƙasa, kansa kuma yana ci gaba da yaɗo. Gona ta kan yi shuɗi ƙwarai har manomi ya zaci ta kai, alhali kuwa da saura. Masanan Jami'ar Jihar Fensilbaniya, a wani bincike da aka buga a 2010, sun ba da hanyar dubawa: a ɗauki reshe, a duba gaɓoɓi biyar na can sama, a ga nawa suka yi fure, nawa suka ɗaura 'ya'ya. Sun tarar ganga ba ta kashe shi sosai sai ƙananan kwasfa sun fara bayyana. A tsakiyar Fensilbaniya wannan ya kan faɗo daga ƙarshen Mayu zuwa cikin Yuni, gwargwadon sanyin shekara.

Ga kuma maganar nauyi. Tabarma ba ta hana ciyawa sai ta yi kauri. Masana sun ƙiyasta cewa a na bukatar busasshen abu wajen tan 8 a hekta ɗaya kafin a dogara da ita har ƙarshen lokacin noma. Yawancin wannan nauyi kuwa a makonnin ƙarshe kafin fure shuka ke tara shi.

To, in aka haɗa wannan sashe da na baya sai a ga inda gizo ke saƙa. Masara na so a shuka ta a farkon Mayu, lulluɓi kuwa ba ya yarda ya mutu sai kusan wata guda bayan haka. Wanda ya yi gaggawa, lulluɓi zai tashi ya yi gasa da masara a kan ruwa da haske, ba shi kuma da maganin da zai fesa. A nan lalle sauri ya haifi nawa. Wanda ya yi jinkiri da yawa kuma, ya gajarta wa masara kwanakinta, ya kuma cika gonarsa da ƙwayar lulluɓi. Ƙwayar waken gashi tana da taurin ɓawo, ta kan kwana shekaru a ƙasa, ta fito ta dami alkamar da za a shuka nan gaba.

6. Wake ko hatsi?

Zaɓen lulluɓi shi ma yana motsa ranar shuka. Masara na da cin naitirojin ƙwarai, manomin oganik kuwa ba shi da buhun taki. Ƙananan halittun da ke ruɓar da ganye a ƙasa su na bukatar abinci mai kabon wajen kashi 24 ga kowane kashi 1 na naitirojin. Waken gashi yana da kabon wajen 11 ga 1, watau naitirojinsa ya fi ƙarfin bukatarsu, sai su saki ragowar masara ta samu. Gonar waken gashi mai kyau ta kan ba da fiye da kilo 100 na naitirojin a hekta, mafi yawansa kuwa a kusa da fure ya ke taruwa. Rayi mai bununi yana da wajen 37 ga 1, busasshen karansa ya haura 80 ga 1. Masu ruɓar da shi sai sun ari naitirojin daga ƙasa, masara ta tsiro ta tarar ba kome, ganyenta ya yi fari-fari.

Ke nan rayi ya fi saurin kaiwa, ya fi kauri, ya fi daɗewa bai ruɓe ba, amma yana sa masara yunwa. Waken gashi yana ciyar da ita, amma yana makara, tabarmarsa kuma ta kan ruɓe da wuri, ciyawa ta ɓullo kafin masara ta rufe gona. Wannan ne dalilin da ya sa noman waken soya a cikin rayi ya fi samun nasara nesa ba kusa ba, gama waken soya yana haɗa naitirojinsa da kansa, yana kuma jure jinkirin shuka. Ga masara, da yawa su kan haɗa wake da hatsi a gona ɗaya. Amma da ya ke rayi ya kan riga wake kaiwa, sai waɗansu su maye gurbinsa da tiritikal, wani hatsi da aka samu daga auren alkama da rayi, wanda furensa ya fi kusa da na waken gashi. A kan kuma ƙara kashin kaji a gefen layi lokacin shuka.

7. Ranar murƙushewa ko bayanta?

Saura tambaya ɗaya: a shuka ran da aka murƙushe, ko a dakata? Kowanne na da hujja.

Masu cewa a shuka nan take sun dogara ga abu biyu. Na ɗaya, an riga an makara, kowace rana kuma hasara ce. Na biyu, faifan injin shuka ya fi yanka ɗanyen kara. In tabarma ta yi yaushi ta kan yi danƙo, faifai ya tura ta cikin rami maimakon ya yanke ta, ƙwaya ta kwanta a kan ganye ba ta taɓa ƙasa ba. A na so ƙwayar masara ta shiga santimita 4 zuwa 5 cikin ƙasa, a kuma rufe ta sosai. Dole ne kuma injin ya bi inda ganga ta kwantar da kara, kada ya gitta.

Masu cewa a dakata su ma ba su rasa dalili ba. Ɗanyen lulluɓi mafaka ce ga ƙwari. Akwai tsutsar da ke yanke tsiro daga gindi da dare, akwai wadda ke tafiya runduna-runduna wadda uwarta ke son yin ƙwai a cikin rayi, ga kuma dodon-koɗi marar kwanso mai son laima. In abincinsu ya mutu sai su koma kan jaririyar masara. Saiwar rayi mai mutuwa kuma tana ɗauke da cututtukan ruɓa masu kama saiwar masara, ganyensa kuwa yana sakin wani sinadari mai danne tsiro. Shi ya sa a Ayowa a ke ba masu feshi shawara su kashe rayi kwana 10 zuwa 14 kafin shuka masara. Mai ganga ba safai ya ke da waɗannan kwanaki ba, amma in lulluɓinsa hatsi ya fi yawa, ko ya ga tsutsa, ɗan dakatawa ya fi.

Ruwan sama ma yana da ta cewa. Lulluɓi mai rai yana shan ruwa da yawa a makonninsa na ƙarshe. A shekarar da ruwa ya yi yawa wannan taimako ne, don yana tsane gona. A shekarar fari kuwa ya kan bar ƙasa busasshiya, mai tauri, har injin ya kasa shiga. Wanda ya tarar da haka gara ya murƙushe, ya jira ruwa, sa'an nan ya shuka. A ƙarƙashin tabarma kuma ƙasa ta fi sanyi, tsiro ya kan yi nawa.

8. Hanyoyin rage tazara

Tun da ba a iya sa lulluɓi ya mutu kafin lokacinsa, sai a nemi sa lokacin ya zo da wuri. Babbar dabara ita ce shuka lulluɓi da wuri da kaka. A Fensilbaniya waken gashi na so ya shiga ƙasa daga ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Satumba, don ya kafu kafin sanyi. Sabo da haka a kan sa shi bayan alkama, wadda a ke girbewa a Yuli. Wanda ya makara a Satumba ba zai sami kauri a Mayu ba. Ta wannan fuska a na iya cewa ranar shuka masara tun bara a ke fara yanka ta.

Dabara ta biyu ita ce zaɓen irin waken gashi mai saurin fure, kamar Purple Bounty wanda aka fitar a tashar bincike ta Beltsville a jihar Merilan. Ta uku ita ce zaɓen masara mai gajerun kwanaki, ko da ya ke ba ta kai mai dogayen kwanaki amfani ba. A kan kuma ƙara yawan iri, domin ba duka ke ratsa tabarma ba. A jihohin kudu, irin su Karolaina ta Arewa, matsalar ta fi sauƙi, gama lulluɓi na fure da wuri, sanyin kaka kuma yana makara.

Dabara ta ƙarshe ita ce sanin lokacin janyewa. Manomi ya kan duba gonarsa a watan Afrilu. In ya ga lulluɓi ya yi sharɓa-sharɓa, sanyi ya cinye shi, ko ciyawa ta riga ta shiga, sai ya fasa, ya huɗe shi ya zama taki, ya yi shuka yadda ya saba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ya kamata kuma a sani, yawancin masu wannan noma ba su bar garma ɗungum ba: su kan huɗe kafin su shuka lulluɓi, masara ko waken soya ne kaɗai ke shiga ba huɗa.

9. Dangantaka da Afirka ta Yamma

Wannan ilmi ba baƙo ba ne a nahiyarmu. Daga 1970 zuwa 1987 Rattan Lal ya yi bincike a cibiyar IITA ta Ibadan, ya nuna yadda rufe ƙasa da barin huɗa ke rage zaizaya. A kudancin Jamhuriyar Benin kuma, daga ƙarshen shekarun 1980, manoma suka karɓi wani wake mai yaɗo, Mucuna, don ya danne tofa. A can rani ne ke kashe lulluɓi, in ruwa ya sauka a shuka masara a cikin busasshen ganye, ba a bukatar ganga.

A ƙasar Hausa kuwa matsalar juyawa ta yi. Kashe lulluɓi ba wuya, wuyar ita ce a riƙe shi a gona wata shida ko bakwai na rani, ga dabbobi, ga gara, ga wuta, ga shi kuma harawa da kara dukiya ne. Don haka malamin da zai koyar da wannan darasi kada ya ɗauko kwanakin Fensilbaniya ya ɗora wa Zariya ko Maraɗi. Abin ɗauka shi ne hanyar tunanin.

10. Kammalawa

A taƙaice, manomin oganik mai shuka masara ba huɗa yana duba abu huɗu a jere. Na ɗaya, ko lulluɓi ya yi kaurin da zai hana ciyawa. Na biyu, ko ya kai matakin da ganga za ta kashe shi, watau bununi ga hatsi, ƙananan kwasfa ga waken gashi. Na uku, ko ƙasa na da ɗumi da laimar da iri zai tsiro. Na huɗu, ko kwanakin da suka rage kafin sanyin kaka za su ishi irin masarar da ke hannunsa. In huɗun nan sun haɗu, ranar shuka ke nan, ko da maƙwabta sun riga shi da wata guda. In na farko ko na ƙarshe ya gaza, abin da ya fi masa shi ne ya ɗauko garma a bana, ya kuma gyara shukar lulluɓinsa da kaka.